HAYAƘIN TABA DA MAI JUNA BIYU: NAUYIN DA KE KAN MAIGIDA

A garuruwan kwarin Rima, kama daga Argungu, a biyo ta Zauro har zuwa Birnin Kebbi, da wuya a ga matar aure da karan sigari a baki. Binciken da aka gudanar a Nijeriya cikin 2012 game da shan taba tsakanin manya ya nuna cewa, cikin mata 100 ba a samun ko ɗaya cikakkiya mai busa sigari, alhali maza sun kai wajen 7 cikin 100. To, amma rashin sha bai kuɓutar da mai juna biyu ba, domin kuwa hayaƙin da maigida ya busa a ɗaki, da shi da ita da abin da ke cikinta suke rabawa.

Masana kiwon lafiya sun tabbatar cewa hayaƙin taba yana ƙunshe da sinadarai fiye da 7,000. Biyu daga cikinsu su ne suka fi cutar da ɗan tayi. Na farko nikotin, wanda yake tsuke jijiyoyin jini, har da waɗanda ke kai abinci ga mabiyiya. Na biyu wata iska ce mai guba, irin wadda gawayi ke fitarwa, wadda take kama gurbin iskar numfashi a cikin jini. Sakamakon haka sai ɗa ya tashi cikin ƙarancin abinci da iska tun yana ciki. Matar da ke shan taba ta fi shiga haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini, kuma jaririnta yakan gaza na sauran mata da kimanin giram 200. Wadda ke shaƙar hayaƙin wani ita ma tana fuskantar haihuwar ɗa maras nauyi, ko wanda bai zo da rai ba. Tabar gari da ake ɗurawa a baki ko a shaƙa, da shisha da matasa suka runguma, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Yanayin fadama yana ƙara tsananta al'amarin. Sauron damina da sanyin hunturu sukan sa a rufe ƙofa da taga tun magariba. Kara ɗaya da aka kunna a irin wannan ɗaki, hayaƙinsa yakan daɗe, ya kama katifa da labule da tufafi.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba a 2005, sa'an nan a 2015 aka kafa dokar da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, da sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai babu ɗan sandan da zai tsaya gadi a turakar mutum. Nan hukunci yana hannun maigida.

Abin da ya fi dacewa shi ne ya daina baki ɗaya. Cikin sa'a 12 da ajiye taba, gubar nan ta cikin jini takan sauka. Ƙwawa da saurin fushi sukan tsananta a makon farko, su lafa bayan 'yan makonni. Wanda ya iya kame baki daga asuba zuwa faɗuwar rana cikin watan azumi ya riga ya san zai iya. Kafin ya kai ga haka, wajibi ne ya fitar da taba daga ɗaki da mota, ya kuma roƙi baƙi su yi hakanan.

Idan uwargida ce ke sha, faɗa da gori ba sa magani, sai dai su sa ta ɓoye. Gara ya raka ta awon ciki, ko a Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko a asibitin da ya fi kusa, su faɗa wa ma'aikatan jinya gaskiya. Kada ta sha wani maganin daina taba sai da izinin likita. Wadda ta daina cikin watanni uku na farko, haɗarinta yakan kusan komawa daidai da na wadda ba ta sha, kuma takan fi jurewa idan mijinta ya daina tare da ita.

Maigida yakan tanadi ragon suna da itacen wankan jego tun ciki yana ƙarami. Kuɗin da sigari ke ci kullum, in an mai da shi ga ƙwai da kifi da kuɗin motar zuwa awo, shi ma tanadi ne, kuma ya riga rago amfani. Allah ya sauki mata lafiya, ya raya zuriya.