Hatsari a wurin aiki: kwana biyun farko su ne magana

Magini ya faɗo daga saman gini a Sanam, ko direba ya yi hatsari kan hanyar Filinge. Sau da yawa uban gida yakan biya kuɗin magani, a ce Allah ya sawwaƙe, shi ke nan. Doka kuwa ta ba ma'aikaci fiye da haka.

Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, shi ke ɗaukar nauyin raunin aiki, har da hatsarin da ya faru tsakanin gida da wurin aiki. Kuɗin wannan sashe uban gida kaɗai ke zuba su, ba a cire su daga albashi.

Wajibi ne uban gida ya sanar da hatsarin cikin awa 48. In ya yi shiru, ma'aikaci ko iyalinsa suna da shekara 2 su kai maganar da kansu, amma jinkiri na watsa shaidu. Ku karɓi takardar likita tun ranar farko, wadda ta bayyana raunin, ku riƙe sunayen waɗanda suka gani.

Ban da magani, asusun yana biyan rabin albashin yini har kwana 28, daga nan kashi biyu cikin uku. In naƙasa ta zauna, likita ke auna ta, a yanka fansho gwargwadonta.

Matsalar Kurfai ita ce mafi yawan leburori ba a yi musu rajista ba. Wanda uban gidansa ya ƙi, sai ya kai ƙara gun sufeton aiki na jihar Tilaberi.