Hunturu Ba Ya Share Tafki Duka

A Turai da Amurka ta Arewa, inda ajiye kifin ado a tankin gilashi ya zama ruwan dare, mutum kan gaji da hidimar kifinsa, ko kifin ya yi wa tankin girma, sai ya kwashe shi a bokiti ya juye a tafkin unguwa. Idan aka yi masa magana, amsar ba ta wuce cewa ai kifin ƙasar zafi ne, hunturu na shigowa zai gama da shi, don haka ba a cuci kowa ba. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne a mafi yawan wurare. Rabi na biyun ne ba ya tsayuwa.

Galibin kifaye ba sa samar wa jikinsu ɗumi, zafin ruwan da suke ciki shi ne zafin jikinsu. Ɗauki karfasa, wadda muka sani sarai. Ta fi walwala idan ruwa ya kusa digiri 28 a ma'aunin Selshiyas, tana barin cin abinci idan ya sauka ƙasa da 17, kafin ya kai 10 kuwa ta fara mutuwa. Masu kiwon kifi a nan gida suna ganin somin-taɓin haka duk lokacin sanyi, sa'ad da tarwaɗa ke kwantawa a ƙasa ta ƙyale abincin da aka watsa mata yana yawo a saman ruwa. To ina ga tafkin da ƙanƙara ta rufe? Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, shi ya sa ƙasan tafki ke tsayawa a nan. Kifin da aka haifa a wurin yana samun mafaka a wannan zurfin, baƙo daga Amazon kuwa tuni ya mutu. Saboda haka idan an ji wani mai fatsa ya kamo ƙaton pacu, ɗan uwan piranha, a wani tafkin Amurka a watan Agusta, abin da hakan ke nunawa shi ne an sake shi bayan sanyi ya wuce. Ba shaida ba ce ta cewa ya ga hunturu ya sha.

Sai dai ba sanyin iska ne ke yanke hukunci ba, ɗumin da ya saura a wani lungu na ruwan ne. Kusa da birnin Kolon a Jamus akwai rafin Gillbach, wanda tashar lantarki ta Niederaussem mai amfani da kwal ke zuba wa ruwan da ta sanyaya injinanta da shi. Rafin ba ya yin sanyi ko a Janairu, kuma ƙananan kifayen guppy da aka zubar a ciki suna hayayyafa shekara da shekaru, tare da karfasa. A Banff ta Kanada, maɓuɓɓugar ruwan zafi ce ta riƙe kifayen da aka kawo daga waje, kuma suna cikin dalilan da ake dangantawa da ɓacewar wani ɗan ƙaramin kifi da ba a samun irinsa ko'ina sai can, wanda aka ayyana ƙarewarsa a 1987. Fulorida ta fi koyarwa. Sanyin Janairun 2010 ya kashe baƙin kifaye masu ɗimbin yawa a fadamun Everglades marasa zurfi, har wasu suka ɗauka an huta. Ashe waɗanda ke cikin magudanan ruwa masu zurfi, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɗumama su, sun tsira, kuma daga can suka sake bazuwa. Mai bokiti ba ya auna zurfin tafki, bai kuma san ko wani bututun masana'anta na zuba ruwan ɗumi a bayan ciyayi ba.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar duk kifin da ke kanti a matsayin na ƙasar zafi. Jan kifin nan goldfish asalinsa daga Sin ne, kuma yana iya shafe watanni a ƙarƙashin ƙanƙara ko da iskar shaƙa ta yi ƙaranci. A 2021 hukumar garin Burnsville a jihar Minesota ta roƙi jama'a su daina zubar da shi, bayan an fito da manya-manya daga tafkin Keller, inda suke tona laka suna tumɓuke tsirrai suna gurɓata ruwa.

Wani zai ce duk waɗannan tsiraru ne, a tafkuna da yawa kifin mutuwa yake yi. Haka ne, amma ba ya mutuwa ranar da aka sake shi. Yana da watannin zafi da zai ci ƙwan kifin gida, ya kuma bar abin da ya zo da shi a cikinsa. A Gillbach masu bincike sun gano wata tsutsar hanji 'yar asalin Asiya, sananniya a tankunan kifin ado, ta riga ta shiga jikin kifayen asali na rafin, waɗanda su sanyi ba ya hana su gangarawa zuwa kogin Erft.