Kyanwa Mai Fitsari A Ɗaki: Sanda Da Buhu Ba Su Ne Magani Ba

A garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba don ado ake ajiye kyanwa ba. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma tun 1929 da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura daga Zariya, ta biyo ta Funtuwa da Gusau, garin ya zama matattarar buhuna. Inda buhu ya taru kuwa, nan ɓera yake ya da zango. Saboda haka mussa, kamar yadda mutanen yankin suke kiranta, ma'aikaciya ce a gida, aikinta shi ne tsare hatsi daga ɓarnar kusu.

A da, wannan ma'aikaciya tana kwana a gindin rumbu, ta yi bukatarta a rairayin bayan gida, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Yanzu al'amari ya sake. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan yankin ya sa manoma da yawa sun kwashe hatsi daga rumbuna sun jibge a ɗakunan cikin gari, 'yan'uwa da suka baro ƙauye sun cika gidaje, ana kulle ƙofofi da wuri, ga shi kuma siminti ya rufe tsakar gida da yawa. Kyanwa ta bi hatsi ta shiga ɗaki, ƙofa ta rufe da ita. Da gari ya waye sai a tarar da fitsari a kan darduma, ko a katifa, ko cikin geron da aka baza.

Abin ba ƙarami ba ne. Ban da ɗoyi da asarar abinci, akwai maganar tsarki. A mazhabar Malikiyya, wadda jama'ar ƙasar nan suke bi, ruwan da kyanwa ta sha ta rage yana da tsarki, amma fitsarinta najasa ne, ba a salla da tufa ko shimfiɗar da ya taɓa sai an wanke. Wannan ne ya sa maigida yakan fusata ya ɗauki sanda, in abin ya ƙi kuma ya jefa ta cikin buhu ya kai bayan gari ya yar. Bayan 'yan kwanaki sai ɓeraye su dawo su yi gida. Mai karatu ya tuna cewa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa ta Jihar Borno a 1969, fitsari da kashin wani irin ɓera ne suke yaɗa shi cikin abinci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rigakafinsa. Ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan.

DALILAI UKU

Hausawa suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kyanwa ba ta san mugunta ko ramuwar gayya ba, kuma ba aikin maita ko na aljanu ba ne kamar yadda wasu suke zato. Asalinta daga kyanwar daji take, wadda ta saba da busasshiyar ƙasa, ɗabi'arta kuwa ita ce ta tona rairayi ta yi bukatarta ta binne. In ta bar wannan ɗabi'a, to, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru.

Na farko shi ne ciwo. Kumburin mafitsara ko tsakuwa sukan sa kyanwa ta riƙa tsugunawa a kai a kai tana yunƙuri, tana kuka, fitsari yana fita ɗis-ɗis, wani lokaci da jini. Da yake tana jin zafi a wurin da ta saba, sai ta ƙaurace masa ta nemi wuri mai sanyi ko mai laushi. Abin ya fi haɗari ga muzuru, watau namiji, domin hanyar fitsarinsa siririya ce, takan toshe gaba ɗaya, kuma in ba a buɗe ba yana iya mutuwa cikin kwana 2 ko 3. Tsohuwar kyanwa mai yawan shan ruwa da yawan fitsari kuwa, a yi zaton ciwon ƙoda ko na sukari. Duk waɗannan aikin likitan dabbobi ne. A fara da asibitin dabbobi mafi kusa, in abin ya gagara akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kada kuwa a kuskura a ba ta farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Na biyu shi ne shata iyaka. Ana gane wannan daga tsayuwarta. Mai fitsarin bukata takan tsuguna ta yi da yawa a ƙasa. Mai shata iyaka kuwa a tsaye yake yi, ya juya wa bango ko ƙofa ko buhu baya, ya ɗaga wutsiya tana karkarwa, ya fesa kaɗan. Saƙo ne yake bar wa sauran kyanwoyi cewa wuri yana da mai shi. Muzuru yakan fara da ya kai kimanin wata 6, kuma fitsarinsa ya fi na mace ɗoyi saboda wani sinadari mai ƙibiritu da ya fi yawa a cikinsa. Zuwan baƙuwar kyanwa ta kan katanga, ko cunkoson mutane da kaya a gida, sukan ƙara abin. Maganinsa shi ne likita ya dandaƙe shi. Kimanin 9 cikin 10 na muzurai sukan daina ko su rage ƙwarai bayan haka, kuma dandaƙa ba ta hana farautar ɓera.

Na uku shi ne rashin wurin da ya dace. Da damina tsakar gida taɓo ne, da hunturu ƙofa a rufe take, a gidan siminti kuwa babu abin tonawa ko kaɗan. A tafin kyanwa, geron da aka baza da rairayi duk ɗaya ne.

RAIRAYI YA WADATAR

A 1947 wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Edward Lowe ya fara sayar da ɓarzajjen yumɓu a ƙunshi domin masu kyanwa, abin ya zama babbar sana'a a ƙasashen Turawa. Kafin nan su ma rairayi da toka suke amfani da su. Mutumin Ƙaura da yake da gulbin Gagare a kusa ba ya bukatar kashe ko kwabo.

A samu tsohon daro ko baho mai faɗi, wanda za ta iya juyawa a ciki, a zuba busasshen rairayi mai laushi zurfin yatsa 3. A ajiye shi a lungun da ba hayaniya, nesa da inda take cin abinci, domin ba ta yin bukata kusa da akushinta. In a ɗakin hatsi take kwana, to, a can ciki za a ajiye. Gidan da yake da kyanwa 2 ya tanadi daro 3. A kwashe ƙazantar kowace safiya, a sake rairayin duk mako, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki ta bar wa wani wannan aiki, saboda kashin kyanwa yakan ɗauki wata ƙwayar cuta mai yi wa ɗan tayi lahani. Ƙwayar ba ta zama mai haɗari sai ta yi aƙalla kwana 1 a waje, shi ya sa kwashewar kullum take da amfani. A kuma ajiye mata ruwa mai tsabta, musamman da bazara. Buhuna a ɗaure bakinsu a ɗora a kan katako, hatsin da aka baza kuma a rufe.

WANKE WURIN

Hancin kyanwa ya fi na mutum nesa ba kusa ba, kuma muddin tana jin warin a wuri za ta koma. A fara tsane fitsarin da tsumma ko toka, sa'an nan a wanke da ruwan sanyi da garin sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Tabarma da darduma ba wuya. Katifar soso sai an jiƙa wurin har ciki an matse sau da yawa. Daɓen ƙasa kuwa a kankare samansa a zuba sabuwa. Kada a tsiyaya Hypo ko Jik a kan fitsarin kai tsaye, domin haɗuwarsu da amoniyar da take cikinsa tana ta da iska mai shaƙe mutum a rufaffen ɗaki. Izal da Dettol kuma guba ne ga kyanwa in ta taka ta lashi ƙafa. Hatsin da ya jiƙe a zubar, kada a yi ƙyashi. Bayan wuri ya bushe, a ɗora wani kaya a kai ko a riƙa ba ta abinci a nan na 'yan kwanaki.

Duka da goga mata hanci a fitsari ba sa koya mata komai sai tsoro, tsoro kuwa yana ƙara cutar. Addini ma ya yi gargaɗi mai tsanani game da azabtar da kyanwa. Saboda haka kafin maigida ya miƙa hannu ga sanda, ya tsaya ya duba: a tsugune take yi ko a tsaye, da yunƙuri ko babu, akwai rairayi a inda take kwana ko babu. Amsar tana cikin waɗannan ukun. Allah ya tsare mana abincinmu da lafiyarmu, ya kuma kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara.