Mene Ne 'Yancin Gyara, Kuma Yaya Ya Shafi Motar Ɗaga Kaya?

'Yancin gyara shi ne haƙƙin mai na'ura ya gyara kayansa da kansa, ko ya kai wa bakaniken da ya yarda da shi. Batun ya shafi fokilif, wato motar nan mai haƙoran ƙarfe biyu da ke ɗaga kaya a sito da tashar jiragen ruwa.

Fokilif ta zamani tana da ƙaramar kwamfuta a cikinta. In wani abu ya lalace, sai wata lamba ta fito a allon gaban direba, motar ta rage gudu ko ta ƙi ɗagawa. Gano cutar da goge lambar sai da manhaja, kebul na musamman da kalmar sirri, kuma kamfanoni da yawa dilolinsu kaɗai suke ba wa. Bakanike zai sauya abin da ya mutu daidai, amma motar ba za ta karɓi sabon ba sai dila ya zo ya saita. Kamfanonin na cewa don kare rayuka ne, tunda motar na ɗaga tan biyu ko uku kusa da ma'aikata. Hujja ce mai nauyi, sai dai horar da makanikai zai magance wannan fargabar.

Mai ƙaramin sito ne ya fi shan wuya: tirela na jiran lodi, lebura na zaune, farashi kuma sai yadda dila ya yanka.

A Amurka rikicin 'yancin gyara ya fi zafi kan taraktoci. Jihar Kolorado ta kafa dokar gyaran kayan noma a 2023, kuma a Janairun 2025 hukumar kasuwanci ta tarayya ta maka kamfanin taraktoci na John Deere a kotu kan kulle manhajar gyara.