Ta'addanci Ba Gadon Jini Ba Ne

Tun da aka fara zaman sulhu da 'yan bindiga a yankinmu wata magana ta samu gindin zama a bakin mutane, daga teburin mai shayi har cikin ɗakunan mata: wai "abin a jininsu yake". Da wannan magana ake mayar da kayan sa rana bayan an raba goro da alawa. Da ita ake miƙa wa mace takardar saki bayan ta haifa wa gida 'ya'ya. Da ita yara suke ƙin zama a benci ɗaya da wani yaro a firamare, suna kiransa "ɗan daji". Na gaji da jin ta, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu furta ta ba jahilai kaɗai ba ne. Har da masu rawani da masu digiri.

Kafin wani ya ce ban san zafin abin ba, bari in faɗa da bakina. Babu ɗan ƙasar Zakka ko Runka ko Batsari da zai manta da daren 14 ga Fabrairun 2020, lokacin da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. A ranar 18 ga Afrilun shekarar aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. Sulhun da Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shiga daji ya ƙulla a 2019 bai yi ƙarko ba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu, aka rufe kasuwannin dabbobi, mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya gaya wa ɗan'uwansa an yi rasuwa. Mutane sun sayar da gonakin gado sun biya kuɗin fansa. Wanda ya ga wannan duka, idan ya ce bai yarda da sulhun da aka fara a Batsari a Janairun 2025, Jibiya da Safana da Ɗanmusa suka biyo baya ba, yana da hujjarsa, ni ma ban saki jiki ba. Amma ƙin yarda da mai bindiga daban, huce haushi a kan yarinyar da ba ta taɓa riƙe ko wuƙa ba daban.

Akwai wani nau'in rubutu da ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, inda marubuci yake ƙirƙiro wasu duniyoyi da wasu halittu. Ba baƙo ba ne a wurinmu, domin tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda a ciki yaro Kilba ya yi yawo a sararin samaniya. A 1979 wani Ba'amurke mai suna Barry Longyear ya fitar da labarin Enemy Mine, aka mai da shi fim a 1985. Ana yaƙi tsakanin 'yan Adam da wasu halittu masu yatsu uku da ake kira Dirak. Matuƙan jiragen yaƙi biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, suka harbo juna suka faɗa wata duniya da babu kowa. Yunwa da sanyi suka tilasta musu zama tare har kowa ya koyi harshen ɗan'uwansa. Badiraken ya haihu ya mutu, ɗan Adam ya reni jaririn kamar ɗan cikinsa. Inda labarin ya fi ɗaci shi ne bayan an ajiye makamai: mutumin ya koma gida danginsa suna ƙyamarsa don ya so maƙiyi, yaron kuma nasa mutanen suka ɗauke shi mai taɓin hankali don yana son ɗan Adam. An sa hannu a takardar sulhu, amma yaƙin yana nan a zukata.

Ga abin da nake so mai karatu ya lura da shi. Kafin marubucin nan ya samu maƙiyin da jininsa ya bambanta da namu da gaske, sai da ya bar wannan duniya gaba ɗaya ya ƙago halitta mai yatsu uku. Mu kuwa wa muke nunawa da yatsa? Mutumin da muke bin liman ɗaya da shi, wanda kakarsa ta yi wa kakarmu tallar nono, wanda shanunsa suka yi shekaru suna kwana a gonarmu bayan girbi suna bar mana taki.

To, a zo a yi maganar jinin. Su wane ne "su"? Idan ana nufin Fulani, sai a fara daga fadar Katsina, domin gidan Sarki Muhammadu Dikko da ke kan karaga tun 1906 Sulluɓawa ne, kafin su kuma Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa Bafulatani ne. Mahaifin marigayi Muhammadu Buhari Bafulatani ne. Shekara fiye da 200 ana auratayya a ƙasar nan, wane gida ne a Zakka zai rantse da Alƙur'ani cewa babu kaka ko goggo ko kishiyar uwa da ta fito daga ruga? Mutumin da ke cewa ba zai haɗa jini da su ba, ya koma ya tambayi tsofaffin gidansu a hankali. Sau da yawa jinin da yake gudu shi ne yake yawo a jikinsa.

Za a ce da ni ai mafi yawan masu riƙe da bindiga a dajin Rugu Fulani ne. Ban musa ba. Amma a ce yawancin 'yan bindiga Fulani ne magana ɗaya ce, a ce yawancin Fulani 'yan bindiga ne wata magana ce dabam, kuma ta biyun ƙarya ce tsagwaronta. Waɗanda aka fara kwashe wa garke tun kafin a soma satar mutane makiyaya ne. Rugage nawa suka watse, masu su suka gudu da abin da ya rage musu zuwa kudu ko ƙetaren iyaka? Dattijon da ya ƙi ba da ɗansa ga 'yan daji an kashe shi a daji, wanda ya gudo gari kuma wasu 'yan sa-kai suka tare shi a kasuwa don kamanninsa. Wannan kisa na kan mai uwa da wabi shi ya tura samari da yawa cikin daji, kowa a yankin nan ya san haka ko da ba ya son faɗa.

Sannan in tambaya: wa yake kai musu fetur a jarka? Wa yake kai burodi da ƙwaya da katin waya? Wa yake buga waya ya ce wane ya sayar da waken suya jiya, kuɗin suna ɗakin uwargida? Infoma ba daga sama yake faɗowa ba. Ɗan gari ne, yana jin Hausa ras, wani lokaci ma shi ne yake fara zuwa jaje da safe. Ban taɓa jin an fasa auren ƙanwar infoma don "abin a jininsu yake" ba. Idan aka zo kansa sai a ce ai halinsa ne shi kaɗai. To me ya sa wancan nasa hali ne, wannan kuma jini?

Masu cewa abin a jini yake suna son kawo karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bahaushen da ya faɗi haka shi ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da ta'addanci gado ne, da kakannin yaran nan sun yi shi. Sun yi zamaninsu da sanda da gora da malafa, rigimarsu ba ta wuce ɓarnar gona ba, a je gaban mai gari da Arɗo a kimanta a biya. Jinin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne an cinye burtali da mashaya, makamai sun kwararo ta iyaka, alƙalanci ya zama na mai kuɗi, ga yara ba boko ba allo.

Ta fuskar addini kuwa babu ma inda za a ɓuya. Aya ta 164 a Suratul An'am ta yanke hukunci cewa babu ran da zai ɗauki nauyin laifin wani, aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta nuna an yi mu ƙabila-ƙabila ne don mu san juna, fifiko yana ga tsoron Allah. Bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auri Juwairiyya 'yar shugaban mutanen da aka yaƙa, sahabbai suka saki fursunonin da ke hannunsu saboda sun zama surukan Annabi. Ikrima kuwa ɗan Abu Jahal ne, ya yaƙi Musulmi da hannunsa, ya gudu ranar da aka buɗe Makka, matarsa Ummu Hakim ta nemo masa aminci ta bi shi ta dawo da shi. Malaman tarihi sun kawo cewa an hana sahabbai zagin ubansa a gabansa don kada a cutar da shi. Idan ɗan Abu Jahal bai gaji laifin ubansa ba, wane ne kai da za ka ɗora wa 'yar makiyayi laifin wani ƙato da ba ta taɓa gani ba?

Wanda yake ganin wannan duk surutu ne kawai, ya tuna da Ruwanda. Hutu da Tutsi sun daɗe suna auratayya, harshensu ɗaya. Da magana aka fara a rediyo, a 1994 cikin kwana 100 aka hallaka mutum kusan 800,000, har da waɗanda surukansu suka nuna maɓoyarsu.

Yanzu abin yi. Ban ce uba ya rufe ido ya ba da 'yarsa ga duk wanda ya yi sallama ba. Bincike wajibi ne, yanzu ma ya fi da. Amma a binciki mutum, ba ƙabila ba. Idan saurayi ya turo, a tambayi sana'arsa, a je a gan ta da ido. A tambayi inda ya zauna a shekarun da ake tashin hankali, da wa ya yi hulɗa. A je wurin mai unguwarsu ko Arɗonsu da limamin da yake bi, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, domin a taro kowa yabo yake yi. A tura tsohuwa mai hankali ta shiga cikin matan gidansu, mata sun fi maza sanin abin da ke shiga gida da dare. Sama da komai a kalli kuɗinsa. Yaron da bara ba shi da ko keke, bana ya zo da sabon babur da manyan wayoyi, yana son ya biya sadaki ya haɗa lefe cikin mako guda, wannan shi ne abin tsoro, ko Bahaushe ne ko Bafulatani. Abin kunya, irinsa ne wasu iyaye suke shimfiɗa wa tabarma, su kori mai gaskiya don dogon hancinsa.

Idan bincike ya nuna yaro yana da hannu a ɓarna, a hana shi, a kuma sanar da hukuma a asirce. Idan bai nuna komai ba, a ji tsoron Allah a bar yara su yi aurensu. Wanda ya riga ya karɓi kayan sa rana, kada muryar da wani ya turo a WhatsApp, wadda ba a san mai ita ba, ta sa ya mayar. Na ga yadda ake mayar da irin kayan nan: da magariba, a bayan babur, an lulluɓe akwati da tsohon zane don kada maƙwabta su gani, ɗan aiken ya ajiye a zaure ya juya ko ruwa bai sha ba. Mai gaskiya ba ya aika saƙo haka.

Maza masu matan Fulani, ku riƙe matanku. Uwar miji da dangin miji, ku daina habaici idan an kawo labarin hari, kuna kallonta ta wutsiyar ido kamar ita ta aiko su. 'Ya'yanta suna ji, kuma jikokinku ne. Idan tana son zuwa ganin iyayenta, a duba lafiyar hanya a raka ta, kada a ce ta zaɓa tsakanin aure da uwa.

Sai matan da aka sace suka dawo, waɗanda ba a son a yi maganarsu. Wasu sun dawo da ciki. Macen da aka tilasta ba ta da zunubi, abin da ta haifa ba shi da zunubi. A fara kai ta asibiti a duba lafiyarta, mijinta ya nemi malami masani ya yi masa bayanin hukuncin zamansu, a daina tsare ta da tambayar me aka yi miki. A yanka wa jaririn rago a raɗa masa suna kamar kowa. Duk wanda ya laƙaba wa yaron nan sunan daji, ya sani yana rainon wanda zai tashi ba ya ganin kowa a gari nasa ne.

Malaman makaranta, na boko da na allo, ku hukunta yaron da ya kira wani "ɗan daji" kamar yadda za ku hukunta mai ashar. A kasuwa kuma, matar da ta sauke ƙwaryarta ta ɗaga faifai, in kana so ka saya, in ba ka so ka wuce. Idan ka ga abin zargi na gaske, akwai hakimi, akwai 'yan sanda, akwai dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktobar 2023. Ba aikinka ba ne ka tara mata yara.

Ina roƙon limaman Juma'a na Zakka da Safana da Runka da Batsari su ware huɗuba guda a kan wannan magana, su kira ta da sunanta. Hakimai da dagatai kuma su sa baki idan an zo fasa aure ba tare da hujja ba, kamar yadda suke sa baki a rikicin iyakar gona. Kai kuma mai karatu, idan an sake cewa "a jininsu yake" a majalisarku, kada ka yi shiru, ka tambayi mai maganar sunan wanda ya yi laifin da abin da ya aikata.