Wasiyyar Shehu Ahmad: Tsohuwar Ƙarya A Sabuwar Riga

Kaɗan ne daga cikinmu ba su taɓa cin karo da ita ba. Iyayenmu sun gan ta a takarda ana rabawa a ƙofar masallaci, mu kuma ta iske mu a imel, yau ga ta a WhatsApp. Wai wani Shehu Ahmad, mai hidimar ɗakin Manzon Allah (SAW) a Madina, aka ba shi wasiyya cikin mafarki: wanda ya yaɗa ta zai fita daga talauci da bashi, wanda ya ƙi kuwa ya rasa ceto ranar Alƙiyama.

Tuni malamai suka tona asirinta. Sheikh Rashid Rida, wanda ya rasu a 1935, ya ƙaryata ta a mujallarsa Al-Manar. Sheikh Ibn Baz, wanda ya rasu a 1999, shi ma ya rubuta raddi a kanta. Hujjarsu a fili take: addini ya cika, ba a gina hukunci a kan mafarki, kuma ko Alƙur'ani ba a ce wanda bai kwafe shi ba ya rasa ceto.

Daga wannan wasiyya muna iya gane ire-irenta. Ba ta da isnadi, sai "an ce". Tana haɗa alƙawarin lada da barazanar azaba, sannan ta matsa mana mu tura nan take, don kada mu sami sukunin tunani.

Illar kuwa ba ta tsaya ga aƙida ba. A watan Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, saƙo ya karaɗe Nijeriya cewa a sha ruwan gishiri, a yi wanka da shi. Wasu sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu, alhali masu turawa alheri suka nufa.

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincikar labari, kuma Imam Muslim ya kawo hadisin da ya nuna cewa faɗar duk abin da aka ji ya ishi mutum ƙarya. Don haka kafin mu tura, mu tambayi kanmu: wa ya faɗa, a wane littafi, wane malami ko likita ya tabbatar? In ba amsa, mu bar saƙon ya mutu a hannunmu, mu kuma sanar da wanda ya aiko cikin ladabi.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu.