Jakar dukawa: abin da roba ba ta iya yi

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa muna ganin jakunkunan roba sun cika rumfuna, ta dukawa kuwa sai an nema. Wasu na cewa ta yi tsada. To, mu duba aikin da ke cikinta.

Da fari majemi yana jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, sannan ta kwana da kwanaki cikin ruwan bagaruwa. In ta jemu a shafe ta da mai. Baduku ya rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, ya yanka, ya huda da basilla, ya ɗinka da hannu, ya sa maratayi da tuntu irin na zabirar kakanninmu.

Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai saboda laushi da ƙwari. Amma da yawa ɗanya take ƙetare iyaka, riba ta tafi ga wasu.

Ƴan kasuwa, kafin ku yi ciniki ku sansana, ku juya ciki, ku ja ɗinki. Roba tana ɓarewa, fata kuwa tana ƙara kyau da tsufa.